Kwana Huɗu Tsakanina da Kan Jikana

Akwai wani sauti da yaran garin nan ba su taɓa ji ba, kuma ina ƙyashinsu a kan haka, ba zan ɓoye ba. Wata rana a shagon askin da nake aiki a unguwar Harlem, nan ƙetaren teku, hira ta kai mu kan cututtukan zamanin da, sai na ajiye kilifa, injin askin nan, na kwaikwaya musu tarin shiƙa: yaro ya yi ta tari a jere ba numfashi, har fuska ta yi baƙi, idanu su firfito, sannan ya ja iska ta shige da ƙara kamar zakaran da aka shaƙe yana tsakiyar cara. Samarin da ke jiran layi suka kwashe da dariya. Wani ɗan Nijar mai sayar da agoguna a bakin titi ya ce, "Baba Wanzam, don Allah sake, in ɗauka a waya." Na taya su dariyar, na ci gaba da aikina. Amma da yamma a cikin jirgin ƙasa mai lamba huɗu, ina komawa Bronx, na zauna ina kallon wata mata da 'ya'yanta uku suna rigima a kan alewa, ukun duka ƙosassu. Ba addu'a ce ta fara zo mini ba. Cewa na yi a raina, da me wannan ta fi mu?

A garinmu ba a dariyar wannan sauti. Ƙaramin gari ne, kasuwarsa sau ɗaya take ci a mako, kuma idan tarin ya shigo, gida-gida yake bi kamar mai rabon goron gayyata. Ka fito da safe za ka kai awaki bayan gari, ta kan katanga kana jin sa. Nan gidan an fara, can gidan an kwana biyu ana yi, wancan gidan kuwa an yi shiru, kowa kuma ya san ma'anar shirun. Har yau ƙarar daka da tarin yara tare suke tashi a kunnena. Iyayenmu mata su dafa saiwoyi, su aika neman nonon jaka, su rataya wa yaro laya a wuya, sauran kuma a bar wa Allah. Bayan tarin akwai wasu biyu. Akwai mai kama jariri kwana kaɗan bayan suna, ya ƙi karɓar nono, muƙamuƙinsa ya ɗaure, jikinsa ya sandare ya banƙare kamar baka, mu ce iska ce ta taɓa shi. Akwai kuma mashaƙo, mai kumbura wuya, ya shimfiɗa farin abu a maƙogwaro har iska ta rasa hanya. Idan ka tambayi tsohuwa 'ya'yanta nawa, amsa biyu take ba ka, waɗanda ta haifa da waɗanda suka tsaya. A nan na lura amsa ɗaya mata suke bayarwa, kuma ba su san gata ba ne.

Ni wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami. Karatuna bai wuce allo ba, sai ajin yaƙi da jahilci da na shiga da gemuna. Abin da na fara sani a duniya shi ne ƙarar aska a kan fatar washi tun rana ba ta fito ba, da warin zabirar mahaifina, warin fata da sabulu da hayaƙi. A lokacin ba a suna sai da mu. Wanzami ne zai aske gashin da jariri ya zo da shi, ya buɗe masa baki ya cire belu, wato ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganɗa, ya yi masa tsagar gidansu. Mu ne masu ƙaho, mu ne masu kaciya. A ware mana rabonmu a naman suna, da kaka a aiko mana da dami har gida. Askar da ta yi aiki a gida uku da safe ita ce za ta shiga na huɗu, iyaka a goge ta a tafin hannu, ba mu san akwai abin da ya wuce haka ba. Sauran yini kuma a gindin tsamiyar bakin kasuwa muke yin sa, magidanta suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna miƙa mana kawunansu. Mahaifina ba mai yawan magana ba ne a kan aiki. Ya sha gaya mini cewa, "Wanda ya ba ka kansa ya ba ka kunnensa. Mutum da aska a wuya ba ya musu, don haka kada ka zuba masa abin da kai ba za ka sha ba." Na riƙe rabin farko na maganar da kyau. Rabin ƙarshen ne na yar.

Ina da aboki tun na ƙuruciya, ɗan maƙerin da ke ƙera mana asake. Tare muka yi kiwo, tare muka sha duka a kan satar mangwaro, na sha taya shi zuga a maƙerar ubansa. Da aka zo ɗibar yara zuwa makarantar boko, shi aka ɗauka, ni aka bar ni, har muna yi masa jaje. Shekaru suka tafi, mahaifina ya rasu, zabira ta dawo kafaɗata, na yi aure, na haihu. Sai ga ɗan maƙeri ya dawo gari a kan babur, da farar riga, da wani farin akwati ɗaure a baya mai ƙanƙara a ciki. Malamin asibiti aka turo mana shi. Mai gari ya sa aka yi shela cewa mata su kawo yara a yi musu allurar rigakafi, kuma ba a sami inuwar da za a yi layin ba sai gindin tsamiyata. Na matsar da tabarmata gefe ina kallo. Matan da suke durƙusawa su gaishe ni suka wuce ni da goyonsu, suna ce masa Likita. Wata tsohuwa da na yi wa jikokinta bakwai askin suna ta kawo masa kaza. Shi kuwa ya ɗago mini hannu yana murmushi, da zuciya ɗaya, wannan murmushin ma ya ƙara ƙona ni. Ƙarfen da ya shiga jikin ɗan garinmu tun kaka da kakanni na gidanmu ne. Ga wanda muka yi wa jaje ya zo da nasa, siriri, mai sheƙi, kuma shi ake yi wa godiya.

Ban hau kan turmi na yi wa'azi ba, ban zagi kowa ba. Aikina kawai na ci gaba da yi. Allurar sau uku ake yin ta, wata ɗaya tsakani, kuma bayan ta farko yaro yakan yi ɗan zazzabi, cinya ta ɗan kumbura. Wannan ya ishe ni. Magidanci zai zauna a gabana, in jiƙa masa kai, in karkatar da shi yadda nake so, sai aska ta sauko kusa da maƙogwaro in ce a hankali, "Na ji ɗan wajenka ya kwana da zazzabi. Ikon Allah. Ka kai yaro da lafiyarsa, a ba ka shi da ciwo." Ba zai iya ko gyaɗa kai ba. In bar shi da maganar har in gama, ya tashi ya tafi da ita gida. Wata na biyu layin ya ragu. Wata na uku bai kai inuwar reshe ɗaya ba.

Ranar wata kasuwa ɗan maƙeri ya kafe babur ɗinsa, ya cire hula ya zauna a tabarmata.

"Aske ni, Wanzam."

Na jiƙa masa kai na fara. Da na zo wuya sai ya ce, "Na ji abin da kake zuba wa mutane a kunne."

"Daina motsi, aska ce a wuyanka."

"Ubana ne ya ƙera ta, ta san ni." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni ba aikinka na zo ƙwacewa ba. Allurata ba ta aski, ba ta kaciya. Ka bar ni in yi wa ɗanka. Ba sai ya shiga layi ba, zan zo gida bayan la'asar, ba wanda zai gani."

Na ce, "Ɗan wanzami ba ya bukatar ƙarfen wani."

"To," in ji shi. "Gyara mini gefen kunnen nan, ka bar gashi."

Ɗan da yake magana a kai ɗan farina ne, damina huɗu gare shi. A al'adarmu ana kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" nake cewa. Ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Idan ya biyo ni gindin tsamiya ya tsuguna yana wasa da madaurin zabira, sai in yi kamar ban gan shi ba, alhali da gefen ido ina lura da duk motsinsa. A nan kullum ina ganin samari, har da 'ya'yan Hausawa, sun ɗaura jarirai a ƙirji da maɗauri suna tafiya a titi, suna sumbatar kansu, suna kiran sunansu da ƙarfi a gaban surukai. Da farko rashin kunya na kira shi. Yanzu na san sunan abin da nake ji idan na gan su.

Bayan daminar da ta biyo, yaron nan ya tashi da zazzabi. Kwana biyu wuyansa ya kumbura, muryarsa ta dishe, numfashinsa ya koma fito. Uwarsa, da ƙanwarsa jaririya a bayanta, ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "Malam, a kai shi wurin ɗan maƙeri." Na buɗe bakinsa a hasken rana na ga farin abin nan ya lulluɓe maƙogwaro. Na san shi, na sha ganin sa a gidajen mutane. Amma hanyar ɗakin shan magani ta gindin tsamiya ta bi, kuma duk kan da na cika da magana yana zaune a wurin. Sai na ce mata belun ne ya sake tsirowa, aikin gida ne. Na bar shi ya ƙara kwana ina ba shi jiƙo. Washegari da hantsi na zaunar da shi tsakanin gwiwoyina, na danne harshensa da ɗan itace, na sa ƙarfe. Jini ya zo, ba irin wanda na saba gani ba. Bai yi kuka ba, don ba shi da muryar yi. Babban yatsana kawai ya riƙe.

Kafin azahar na saɓa shi a kafaɗa na fita da gudu, na bi ta gindin tsamiyar, kowa yana kallo. Ɗan maƙeri ya duba bakinsa sau ɗaya, bai tambaye ni komai ba, ya ce wannan sai babban asibiti a birni. Ya tayar da babur, na hau baya da yaron a tsakaninmu. Mun wuce gonaki, mun haye rafi, mun kusa titin mota, sai na ji fiton nan da ke bugun ƙirjina ya tsaya. Na taɓa bayan abokina. Ya kashe babur ɗin. Muka tsaya a wurin, rana tsaka, ba abin da ake ji sai kukan kurciya. Ranar ce kaɗai na ɗauki ɗana a gaban jama'a.

Kwana idan ya ƙare ya ƙare, na yi imani da haka. Ban san ko ƙarfena ne ya gaggauta shi ba, kuma ba wanda zai iya gaya mini. Abin da na sani shi ne allura uku da na hana, da kwanakin da na ɓata don kada a gan ni. Akwai kuma wasu yaran da suka tafi a shekarun nan, waɗanda iyayensu maza suka zauna a tabarmata. Waɗannan ban taɓa iya tsayawa in lissafa su ba. Ɗan maƙeri ya zo gaisuwa kwana uku a jere, bai taɓa tayar da maganar ba har muka rabu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. 'Ya'yansa duk sun tsaya, ba wanda ya binne. Labarin rasuwarsa ya same ni a nan, aka ce jikoki sun cika gidan har ba wurin shimfiɗa tabarma. Na yi masa addu'a, kuma ko a cikin addu'ar sai da na ji ɗacin nan na gindin tsamiya. Ban taɓa neman gafararsa ba.

Wata huɗu bayan rasuwar yaron nan, ina neman wani abu a ɗakin matata, na ɗaga jeren kwanukanta na ga katin rigakafi a ƙasa, da sunan jaririyar, da alama uku a jere. Na mayar da kwanukan yadda suke. Ba ta gaya mini ba, ban tambaye ta ba. Jaririyar nan ita ce Uwani, mai sunan mahaifiyata, kuma ita kaɗai Allah Ya bar mana.

Daga baya na bar garin, na yi shekaru a Kano, sannan hanya ta kawo ni nan. Kilifa ta maye gurbin aska. Na kawo matata Hajiya da Uwani, muka zauna a bene na biyar a Morris Heights, Uwani ta yi karatu ta zama nas, ta auri wani yaron kirki ɗan zangon Kumasi, direban bas. Sun daɗe suna jira kafin Allah Ya ba ta ciki. Ranar da na ji, na buɗe akwati na fito da askar mahaifina, wadda ta haye teku tare da ni, na zauna ina wasa ta. Kawunan 'ya'yan mutane na aske ba iyaka. Na jinina guda biyu ne kawai, kuma na ɗauka an rufe wannan ƙofar. Ba abin da nake so a duniya kamar askin sunan nan.

Uwani ta zo mana wata Lahadi da cikinta ya tsufa, ta ga askar a kan tebur.

"Baba, wannan sai dai tarihi. Sabuwar reza za a fasa daga leda."

"Na yarda."

"Kuma ba belu, ba tsaga."

"Wa ya ce miki zan yi? Na bar wannan tun kina goye."

"To saura ɗaya. Tarin shiƙa ya sake ɗagowa, muna ganin sa a wurin aiki. Jariri ba ya fara nasa rigakafin sai ya yi wata biyu. Kafin nan, duk wanda zai ɗauke shi sai ya yi allura, ni da mijina da Inna da kai. Kuma sai ta yi mako biyu a jiki kafin a dogara da ita."

"Ni? Ciwon yara ne. Na yi nawa tun ina rarrafe."

"Manya ne suke kawo wa jarirai shi, suna cewa mura ce. Kai kuma kawuna nawa kake sunkuyawa a kansu a yini? Mai aski numfashinsa a fuskar yaro yake sauka."

"Uwani, jariran da na aske sun fi fasinjojin mijinki yawa."

"Na sani, Baba," in ji ta. "Wannan dai nawa ne."

Washegari Hajiya ta je kemis ɗin kan kwana ta yi tata, ta dawo tana nuna mini filasta a damtse kamar wadda aka ba lambar yabo. Ni kuwa na ce gobe. Goben ta zama mako, makon ya zama biyar. Hajiya ta samu abin yi. Idan ta ajiye mini shayi sai ta ce, "Gaskiyar masu magana, wanzami ba ya son jarfa. Mutum ya yi shekara da shekaru yana tsaga 'ya'yan mutane, a nuna masa ɗan tsinke ya ce gobe." Ba tsoro ba ne. Lokacin neman takardun zama a ƙasar nan an tsira mini wasu allurai, ban ko tambayi sunansu ba, don dolen hukuma ce, Uwani kuma ta duba ta ce waɗancan sun tsufa, babu ta tari a cikinsu. Wannan daban ce. Wannan da ƙafata zan je, in naɗe hannun riga da kaina, saboda yaro. Idan na yi haka na amsa wa ɗan maƙeri maganar da ya yi mini a tabarma, kuma na amsa ta bayan wanda aka yi ta dominsa ya daɗe a ƙasa. Sau biyu ina zuwa har ƙofar kemis ɗin in wuce, in sayo burodin da ba a aike ni ba.

Wata safiya na fito zan tafi shago, na tarar Hajiya ta ajiye wani abu kusa da askar a kan tebur. Katin nan ne. Ya yi ja, ya yage a wurin naɗi, alamun uku sun kusa gogewa. Ban san ta haye da shi ba. Tana tsaye tana wanke kofi, ba ta juyo ba.

"Wancan karon ban tambaye ka ba," in ji ta. "Na goya ta na tafi. Kai ba zan iya kai ka a goye ba, Malam."

A shekara talatin wannan ce maganar farko da ta taɓa yi a kai. Ban je shago ba ranar.

Yarinyar da ke yin allurar a kemis ɗin tana da ɗan gicciye a wuya. Ta ji ina bisimilla a hankali sai ta ɗago kai ta ce, "Lah, Baba, Bahaushe ne? Sannu da zuwa. Ni 'yar Jos ce." Ta tambaye ni ko jika ake jira, na ce e. Ta ce kakanni da yawa suna zuwa, mazan ne masu gardama. Tana goge mini damtse da auduga ta ce, "Uku ce a haɗe fa, ka ci riba. Da ta tarin shiƙa, da ta sarƙe haƙora, da ta mashaƙo."

Na ce, "Da ta me?"

"Mashaƙo. Ba ka san shi ba? Ni ma a littafi kawai na gan shi."

"Ita ce wadda ake yi wa yara sau uku a gida? A farin akwati?"

"'Yar'uwarta ce, ta manya. Saki hannun, Baba, ka ɗaure shi kamar icce."

Ina jiran ta fara sai na ga tana manna filasta. An gama. Bai kai lokacin da nake ɗauka in gyara gefen kunne ɗaya ba. Na zauna a kujerar na kasa tashi, har ta tambaye ni ko jiri nake ji. Na ce a'a. Kallon ta nake yi, yarinya ƙarama, tana faɗin sunan abin nan da murmushi, ba ta taɓa jin fitonsa a ƙirjinta ba.

Kwana uku bayan haka Uwani ta haihu, namiji, tun lokacin da likitoci suka sa bai cika ba. Na ƙirga a yatsu, na sake ƙirgawa. Ranar suna allurata kwana goma za ta yi, saura kwana huɗu ta cika mako biyun. Ga shi kuma na tashi da 'yar mura. Na kira ta a waya.

"Kwana huɗu ne fa kawai, Uwani."

"Kwana huɗu ne, Baba. Mako biyar na ba ka. Kuma ina jin tarinka ta wayar nan."

"Zan rufe baki da hanci."

"Baba, shekara shida ina jiran yaron nan. Ka yi haƙuri."

Ranar sunan aka yi addu'a a masallaci da safe, maza suka ci abinci a can, jariri bai fito ba. Da muka koma gidansu aka ajiye mini kujera a bakin ƙofar falo, da takunkumi a fuskata. Can ciki kusa da taga Hajiya ta zauna da jikana a cinyarta, ita da ta cika kwanakinta tuni, tana jujjuya shi yadda take so. "Malam, kunnuwanka ne sak," in ji ta. "Kaico, daga nan ba ka gani." Surukina ya durƙusa a gabanta da 'yar rezar roba a hannu, hannun da ya saba da sitiyari. Ni wanzami, jikan wanzami, ina zaune kamar baƙon da ya zo karɓar wasiƙa, direban bas yana aske jinina. Ɗacin gindin tsamiya ya dawo mini sabo, sai dai wannan karon ba wanda ya matsar da tabarmata sai ni.

Na kasa yin shiru. "Jiƙa shi da ruwan ɗumi tukuna. Ba haka ba, bi yadda gashin ya kwanta. Sassauta a maɗiga, wurin nan mai motsi. Ja fatar da yatsa."

"To, Baba. To, Baba." Gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ya gama gaba, ya gama gefe da gefe, Hajiya ta kifa yaron a hannunta, sai ya tsaya yana kallon ƙeyar. Ya daɗe. Sannan ya ajiye rezar a faranti, ya juyo wajena da Hausarsu ta zango.

"Baba, ƙeyan nan ya fi ƙarfina. Fata yana naɗewa, ina tsoro. Na bari maka."

Na san ƙarya yake yi, don ƙeya ta fi maɗiga sauƙi nesa ba kusa ba. Hajiya ta ce, "Haka za a bar shi da rabin aski kamar ɗan tsako?" Kowa ya dubi Uwani. Ta dubi mijinta, ta dube ni.

"Gashi ne," in ji ta. "Zai jira."

Kwana huɗun nan sun fi mini mako biyar ɗin tsawo. Murar ta sake ni a na biyu. A na huɗu na yi wanka, na sa babbar riga, na hau bas tun hantsi, Hajiya tana bina tana cewa ko ango bai yi wannan sauri ba. Uwani ta sa na wanke hannu har gwiwa tana tsaye a kaina, ta fasa sabuwar reza, sannan ta ɗora mini shi a cinya. Ba nauyi, kamar ƙullin auduga. Na kira sunansa da ƙarfi, a gaban surukina, sau uku, ban ji kunyar kowa ba. Na kifa shi a tafin hannuna, na jiƙa ɗan gashin da aka bar mini, baƙi, mai laushi, bai fi faɗin yatsa uku ba.

Na ɗaga rezar ke nan sai ya yi tari. Ƙarami, sau biyu, uku. Hannuna ya tsaya a sama. Na ɗago ido, na ga Hajiya ita ma ta daskare da kofi a hannu, mu biyu muna sauraron abin da zai biyo baya, muna jiran jan iskar nan. Uwani tana bakin taga tana ninke kayan jariri.

"Nono ne ya sarƙe shi, Baba," in ji ta. "Ɗan shafa masa baya."

Ko juyowa ba ta yi ba. Na daɗe ina kallon bayanta, ina ƙyashin 'yar da na haifa. Sannan na shafa masa baya, ya yi gyatsa, na ja fatar da yatsa na sa reza.